Matan da Na Yi Ɗinki da Su a Bakin Iyakar Meziko

El Paso da Juarez gari ɗaya ne da kogi ya raba biyu: nan Amurka, jihar Teksas, tsallake kuma Meziko. Kogin ma a tsakiyar gari an ɗaure shi da siminti, kuma a yawancin watanni ruwansa bai kai ƙugu ba. A 1992 na sauka El Paso, na bi mai gidana da ya riga ni zuwa karatu har ya samu aiki. Turancina na kame-kame ne, Sifaniyanci kuwa ko gaisuwa babu. Abin da na zo da shi daga gida ɗinki ne, garin kuma a lokacin kirarinsa shi ne hedikwatar wandon jins. Dubban mata ke ci daga allura, kusan dukkansu 'yan Meziko ko 'ya'yan 'yan Meziko.

Inda na samu shiga wani tsohon sito ne a kudancin gari, kusa da gada. Mai wurin ɗan kwangila ne, yana karɓo yankakken yadi daga manyan kamfanoni mu haɗa masa. Babu mai ɗinka wando sukutum. Wannan aljihun baya, wannan zif, waccan madaukan bel, ni kuma aka ɗora ni a kan kalmashe bakin ƙafa. Ɗauri zai zo miki da 'yar takarda a maƙale, ki gama, ki yanke tikitinki ki liƙa a takardar ranar, ki jawo na gaba. Aikin jinga ne. Doka ta ce kada a biya kowa ƙasa da dala 4.25 a awa, amma in tikitinki bai cika kuɗin awoyin da kika yi ba, heluma ya san yadda zai rage awoyin a takarda har lissafi ya daidaita. Da rani rufin kwano ya gasa mu, da hunturu yatsu su sandare. In na koma gida na fyace hanci, shuɗin yadi nake gani a hankici.

Ban daɗe ba na gane yadda aka raba aikin. Masu yanka maza ne, makanikai maza ne, heluma namiji ne, kuma dukkansu kuɗin awa ake ba su, ko an yi aiki ko ana hira. Mata ne kaɗai cinsu ke rataye da tikiti. Nan makaniki ya samu sarauta. In kekenki ya fara tsinka zare, duk mintin da kika yi kina jiransa daga aljihunki ya fita. Wadda ke yi masa dariya in ya yi maganar banza, ko ta ƙyale hannunsa ya daɗe a kafaɗarta, yanzu-yanzu zai zo. Wadda ta ɗaure fuska sai ta wuni tana kallon bango. Na ga matan aure masu kamun kai suna haɗiye abin da ba zai haɗiyu ba don kawai a gyara musu keke, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Matar da kekenta ke damana ta ba ni kusan shekara ashirin. Kowa Doña yake ce mata, girmamawar da suke yi wa manyan mata, ita kuma 'yata take ce mini. Ita ta koya mini saita zaren ƙasa da kaina don kada in riƙa neman makaniki. Ranar da allura ta huda mini yatsa ta ɓulla ta farce, ita ta zare guntun da filaya, ta wanke, ta naɗe. In lokacin azahar ya yi na laɓe bayan dilolin yadi zan yi salla, takan jawo ɗaurina gabanta don kada heluma ya ga kekena shiru. "Je ki, 'yata," takan ce, "ki sa mu a addu'a." Da Sifaniyancin da nake tsinta a bakinsu da nata guntun Turancin muka fara fahimtar juna.

Doña tana cikin waɗanda suka yi yajin aikin Farah. Kamfanin wando ne, kuma a zamaninsa babu mai zaman kansa da ya kai shi yawan ma'aikata a El Paso. A watan Mayun 1972 ma'aikata kusan 4,000, mafi yawansu mata, suka ajiye aiki suna neman a amince da ƙungiyar ƙwadagonsu. Ta ce abin da ya tunzura ta bai tsaya ga kuɗi ba. Kullum ƙara adadin da za a ɗinka ake yi, mace kuma in ta je haihuwa ta dawo, sai a mayar da ita kamar yau ta fara. Mai kamfanin, Willie Farah, ya rantse ba zai zauna da ƙungiya ba. Aka zuba masu gadi da karnuka a bakin ƙofa, aka kama ɗaruruwan masu yaji da wata dokar Teksas mai cewa sai an bar ƙafa 50 tsakanin mai zanga-zanga da ɗan'uwansa. Bishop ɗin Katolika na garin, Sidney Metzger, ya tsaya musu, aka kuma yi ta kira a faɗin Amurka cewa a ƙaurace wa wandunan kamfanin. Sai Fabrairun 1974 Farah ya sauko, bayan kusan wata 22.

Amma in tana ba da labarin, ba ta daɗewa a kan karnukan. Maganar mijinta ta fi riƙe ta. Shi bai ga dalilin da matarsa za ta tsaya a titi da kwali a hannu tana ɗaga murya ba, balle ta kai dare a taro alhali ba a ɗora tukunya ba. Ta ce faɗa biyu suka yi a shekarun nan, ɗaya a bakin masana'anta, ɗaya a tsakar gida, kuma aure da yawa bai kai ƙarshen yajin ba. Nata ya kai, da ƙyar. Bayan nasarar kamfanin ya shiga rage ma'aikata, sannu a hankali ya kwashe ɗinki zuwa ƙasashen waje. Ta haka macen da ta taɓa tanƙwara babban attajirin gari ta dawo liƙa tikiti a tsohon sito kusa da baƙuwa irina.

Wata Lahadi ta gayyace mu gidanta, a can na ga mahaifinta. Tsoho ne da ya haura saba'in, ba ya iya miƙe bayansa sosai. Ɗan ci-rani ne na shirin da ake kira Bracero, wanda Amurka da Meziko suka ƙulla a 1942 saboda yaƙi ya kwashe mazan gona, aka kuma ci gaba da shi har ƙarshen 1964. An sa hannu a kan kwantiragi kimanin miliyan 4.6, duk na maza zalla, babu zuwa da mata, babu zuwa da 'ya'ya. Ya ɗauko wani gwangwanin biskit ya nuna mini katinsa mai hoto: saurayi mai malafa, ido a tsaye. Ya ce daga birnin Chihuahua a taragon kaya ake ɗebo su zuwa Juarez, su tsallaka, a kai su sansanin Rio Vista da ke Socorro, gabas da El Paso. A can za a tuɓe su tsirara a jere, a busa musu hodar DDT a kai da hammata da gaba. Sannan wakilan manoma su bi layi suna juya tafin hannun kowa. Mai kanta a hannu shi ake so.

Ya tsinci auduga a Pecos, ya yi noman gwozar sukari a Kolorado. Da ya kwatanta mini 'yar gajerar fartanyar da ake ba su, wadda Kalifoniya ta haramta a 1975, sai na ce ai mu ma da irinta ake noma a ƙasarmu, kakana da ita ya tsufa. Ya tambaye ni gonar wa kakan nawa yake nomawa. Na ce tasa. Ya ce to in bayansa ya gaji yana iya miƙewa. Su an zaɓa musu gajerar ne don heluma ya hango daga nesa duk wanda ya ɗago, tunda mai aiki dole yana duƙe.

Matarsa tana zaune gefe tana murza waina, ba ta ce komai ba sai da na tambaye ta. Ita labarinta babu kati, babu hoto. Shekara da shekaru ita ce uwa ita ce uba a ƙauye: ta shuka masara, ta yi kiwon awaki, ta binne ɗa guda mijin yana Kolorado, wasiƙa ma sai a yi watanni ba a gani ba. Daga baya ta kwaso yara ta dawo Juarez don ta matso kusa da inda ake sauke shi, ta riƙa tsallakowa El Paso wanki da guga a gidajen mutane. A nan na fara ganin zaren da ya ɗinke tarihin gidan nan. Masu gona sun so ƙarfin namiji ba tare da ɗawainiyar iyalinsa ba, ɗawainiyar kuwa ba ta ɓace ba, kan mace ta sauka.

Wannan tsallakowa ta masu aikatau ina gari aka datse ta. Kafin nan da asuba za ka ga mata a bakin kogi, wasu su naɗe siket su ratsa, wasu su biya wani ya ja su a kan roba ta cikin tayar babbar mota. Da yamma su koma ga 'ya'yansu. A ranar 19 ga Satumban 1993 shugaban masu sintirin iyaka na yankin, Silvestre Reyes, ya jera jami'ai kusan 400 da motocinsu a bakin kogin, kowace mota tana hango ta gaba, dare da rana. Mutanen El Paso da yawa sun yi murna, har da 'yan asalin Meziko. Amma a unguwarmu na ga abin da ya biyo baya. Wadda ta samu ta shigo ba ta ƙara yarda ta koma kullum ba, sai ta kwana gidan aiki mako biyu, wata guda, tana renon 'ya'yan wasu, nata suna hannun kaka ko babbar ya 'yar shekara goma sha biyu.

Ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA ta fara aiki. A Disambar shekarar kuɗin Meziko, peso, ya faɗi, cikin 'yan watanni ya zubar da kusan rabin darajarsa. Ma'aikaciyar tsallake ta ƙara araha ba tare da an taɓa albashinta a takarda ba. Mu kuwa wata Litinin muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muka leƙa ta taga: an kwashe kekuna cikin dare, sai igiyoyin wuta na reto daga rufi. Muna bin kuɗin aikin da muka riga muka yi. Doña ba ta yi kuka ba, ta ce mu bi ta. Ta kai mu La Mujer Obrera, ƙungiyar mata ma'aikata da aka kafa a garin tun 1981, wadda matanta suka taɓa ɗaure kansu da sarƙa a jikin kekunan ɗinki a 1990 saboda irin wannan cin haƙƙi. An rubuta mana ƙara, an yi ta zarya, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Manyan ma ba su tsira ba: a 1997 Levi's ya sanar da rufe masana'antunsa 3 a El Paso. Gwamnati ta tura waɗanda suka rasa aiki ajin koyon Turanci. Doña, mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda ta bar makaranta tun firamare, ta zauna a benci tana haddace sunayen ranakun mako, daga baya ta koma jinyar tsofaffi a gidajensu.

Aikin namu bai yi nisa ba, tsallaka kogi kawai ya yi. Ni ma na bi shi na gani, don Doña tana da 'yar ƙanwa a Juarez, muna zuwa kai mata kaya. Yarinyar tana aiki a makila, wato masana'antun da ke shigo da kayan haɗi daga waje ba haraji, a harhaɗa, a mayar. Gwamnatin Meziko ta buɗe wannan ƙofa a 1965, shekara guda bayan rufe shirin Bracero, da sunan sama wa mazan da suka dawo suka yi cirko-cirko a garuruwan iyaka abin yi. Da kamfanonin suka zo, 'yan mata suka ɗiba. A shekarun farko kusan 8 cikin kowane ma'aikata 10 mata ne, yawanci ƙanana, marasa aure. Manajoji suka ce wai yatsun mace sun fi laushi, ta fi haƙuri da aiki mai maimaici. Ni na yi ɗinki da matan nan, na san abin da ake kira haƙurin: mai ƙanne biyar a gida da uwa mara lafiya ba ta da bakin musu. Da makilu suka yawaita bayan faɗuwar peso ta 1982 har mata suka yi kaɗan, an ɗebi maza, kuma yatsunsu sun yi aikin sarai.

Gidan yarinyar yana yammacin Juarez, kan tudun rairayi, inda kana tsaye kana hango fitilun El Paso. Da katakon dakon kaya da kwalayen masana'anta aka yi shi, aka dafe da baƙar takardar kwalta. Ruwa tanka ke kawowa a zuba a durom. Tun kafin asuba take sauka tudun a ƙafa cikin duhu ta tari tsohuwar bas ta 'yan makarantar Amurka da aka sake wa fenti. Aikinta naɗa wayoyin wutar mota a jikin wani allo da ke wucewa gabanta, a tsaye, wuni guda. Abin da take samu a rana bai fi abin da nake samu a awa guda da 'yan mintoci ba lokacin da nake ɗinki.

Rannan muka same ta tana ninke wani dogon ƙyalle, ta yi saurin ɓoyewa. Doña ta fizge. Ciki ne da ita wata biyar, da ƙyallen take ɗaure shi tamau kafin ta sa rigar aiki. Ta ce lokacin ɗaukarta sai da ta ba da fitsari aka gwada, nas ta tambaye ta ranar da ta ga al'ada ta ƙarshe da ko tana da saurayi. A watannin farko kuma sai ta je ta nuna audugarta mai jini kafin a sabunta mata kwantiragi. Na ji kunya ta kama ni kamar ni aka yi wa. Dalilin abin kuɗi ne tsagwaronsa. Dokar Meziko ta ba mai ciki hutun mako 6 kafin haihuwa da 6 bayanta da cikakken albashi. Hukumar inshorar ma'aikata ce ke biya, amma sai in an zuba wa matar kuɗin mako 30 a cikin shekarar. In bai cika ba, kamfani ne zai biya. Don haka suke tace masu ciki tun daga ƙofa. Wadda ta samu ciki daga baya kuma akan mayar da ita aikin dare ko ɗaukar kaya har ta gaji ta ajiye da kanta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan haka a 1996, amma sai 2012 dokar ƙwadagon ƙasar ta fito fili ta hana neman shaidar rashin ciki. Kakanta an so shi ba iyali, ita an so ta ba mahaifa.

"Inna, in suka gane kora ce," in ji yarinyar. Doña ta ce, "In kika kashe shi a ciki fa?" Suka yi shiru. Ta ci gaba da ɗaurewa har makonninta suka cika, Allah ya sa yaron ya zo lafiya.

A shekarun nan ne kuma aka shiga tsintar gawarwakin 'yan mata a dajin da ke kewaye da Juarez. Tun 1993 wata akanta mai ritaya, Esther Chávez Cano, ta fara yanko labaran daga jaridu tana tara sunaye, don hukuma ba ta damu ta ƙirga ba. Ita ce ta buɗe cibiyar Casa Amiga a 1999. Zuwa 2003 ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe mata kimanin 370 a shekara 10. Ba dukkansu ma'aikatan makila ba ne, da yawa ma mazansu ko samarinsu ne suka kashe su. Amma waɗanda aka sace aka yi wa fyaɗe kusan kamarsu ɗaya: talakawa, ƙanana, masu tafiya su kaɗai a hanyar da babu fitila. Uwa ta je wurin 'yan sanda, a ce mata ta jira, wataƙila 'yar ta bi saurayi ne. A 1995 aka kama wani Bamisire aka ce shi ne, kisan kuma bai tsaya ba.

A Nuwamban 2001 aka tsinci gawa 8 a wata tsohuwar gonar auduga, daura da ofishin ƙungiyar masu makila. Cikinsu akwai Claudia Ivette González, 'yar shekara 20. Ranar 10 ga Oktoba ta isa wurin aiki a makare da minti 2, aka hana ta shiga, ba a sake ganinta da rai ba. Makon nan Doña ba ta yi barci ba. Ta tattara abin da take da shi ta saya wa 'yar ƙanwarta wayar hannu, ta kafa mata sharaɗi: ko an rufe mata ƙofa, ta zauna a bakin ƙofar har wata ta fito su tafi tare. Bayan haka duk tsallakawar da na yi sai na wuce falwayoyin da iyaye mata suka shafa wa ruwan hoda suka zana baƙin gicciye a kai. A 2009 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta kama gwamnatin Meziko da laifin sakaci a kan Claudia da wasu 'yan mata biyu.

Wajen 2000 makilun Juarez kusan 300 suna ɗauke da ma'aikata kimanin 250,000. Sai kasuwar Amurka ta ja baya a 2001, ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen shekarar, dubun dubatar ayyuka suka sake tashi. Yarinyar tana cikin waɗanda aka sallama. Ta koma sayar da abinci a bakin wata masana'anta, daga baya ta sake samun shiga wata, wuyan hannunta na dama naɗe da bandeji.

Tsohon, mahaifin Doña, ya rasu kafin mu bar El Paso, bai ga kuɗinsa ba. A shekarun farko na shirin Bracero an riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladansu da sunan ajiya, za a ba su in sun koma gida, kuɗin kuma ya shiga bankunan Meziko ya yi ɓatan dabo. Tsofaffin sun yi ta zanga-zanga har gwamnatin Meziko ta yarda a 2005 za ta ba kowane mutum peso 38,000, in ya mutu a ba matarsa ko 'ya'yansa. Ina gida Najeriya Doña ta kira ni ta ba ni labari. Sun ɗauki tsohuwar, mahaifiyarta, a keken guragu suka tsallaka da ita Juarez, da gwangwanin biskit ɗin, da takardar aure, da ta mutuwa. An dawo da su saboda harafi ɗaya ya bambanta a sunan mahaifinsa, sai da suka nemo takardar baftisma daga cocin ƙauyensu. Da kuɗin ya fito bayan shekaru, tsohuwar ta ce a sayi bulo da siminti, a rushe ɗakin kwalin nan na kan tudu a gina wa jikarta na gaske, a kuma sa masa ƙofar ƙarfe mai sakata.